Cokali Uku na Malam Nishina

Ƙarfe goma da minti arba'in na safiyar Talata aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Kasaoka. Matar da ke share gidan bautar bayan kasuwa ce, tana haki. Ta ce ga wani dattijo kwance a gindin matakalar dutse, kansa a fashe, ba ya motsi.

Sufeto Akagi bai buƙaci a duba aljihun mamacin ba kafin ya san ko wane ne. Malam Nishina ne, tsohon malamin sakandare da ya koya wa rabin garin lissafi, har da shi Akagin. Amma ba da lissafi aka san shi ba yanzu. Shekara goma sha tara ke nan, duk kaka sai ya zaga shagunan taliyar ramen na garin, ya ɗanɗana romonsu, ya jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta buga jerin a takardar da ake raba wa baƙi a tashar jirgin ƙasa.

Mu mutanen Kasaoka muna da wani hali da ba na alfahari da shi. Kowa ya tashi da romon tsohuwar kaza tun yana rarrafe, kowa na da harshe a bakinsa, amma sai mu zauna mu jira wani ya gaya mana wanda ya fi daɗi. Dokar ƙungiyar kuma ba ta san tausayi ba. Shagon da ya zo na ƙarshe shekara uku a jere, a cire sunansa daga takardar. Wanda aka cire kuwa, gara ya fara neman mai sayen kujerunsa. Shagon Kataoka ya zo na ƙarshe bara da bara waccan, bana ce ta uku.

Saje Tanabe ta durƙusa kusa da gawar. Mace ce mai ƙarancin magana, mai yawan lura.

"Alƙalaminsa na aljihu, Yallaɓai. Littafinsa ne babu."

"Kin duba ƙarƙashinsa?"

"Har cikin kwata na duba. Ga igiyar da yake rataya littafin a wuya, ta tsinke. Dubi shatin da ta bari a fatarsa. Fizga aka yi."

A aljihun rigarsa ta sami 'yar takarda da sunaye uku: Miyake, Osaki, Kataoka. Duk garin ya san tsarin Malam. Shago uku a safiya ɗaya, cokali uku na romo a kowane, loma uku ta taliya, ya rubuta, ya biya kuɗin kwano cikakke, ya tashi ya bar sauran yana huci.

Akagi ya ninke takardar. "To, Saje, yau sau uku za mu ci abincin rana."

A ƙofar Miyake layi ya kai har shagon mai keke. Shekara shida a jere shi ne na ɗaya, kuma ba ya bari a manta, don duk takardun suna jikin bango cikin gilashi. Ya tarbe su da hannu biyu, ya kori wani yaro daga kan kantar cin abinci ya ba su wuri.

"Babban rashi, Sufeto, babban rashi. Garin nan ya rasa harshensa."

"Ƙarfe nawa ya zo?"

"Takwas da rabi. Ya sha ukunsa, ya gyaɗa kai, ya fita."

"Me ya rubuta?"

"Haba, wa ya isa ya leƙa littafin Malam?"

Aka kawo kwano biyu. Romon baƙi ne wuluk, mai yana yawo a kai, ƙamshinsa na cika hanci tun kafin a ajiye. Akagi ya kurɓa. Akwai daɗi, irin daɗin da ke tarar mutum a bakin ƙofa da ihu, sai dai yana haɗiyewa wani zaƙi-zaƙi ya maƙale masa a maƙogwaro. Ya ɗaga kai ya karanta abin da ke cikin gilashi: romon kaza zalla, ba a surka shi da komai ba.

Ya saki cokalinsa ya faɗi ƙasa, ya sunkuya ɗauka. Ta ƙasan kanta ana hango kicin. Kwalaye huɗu ne a jere, na haɗaɗɗen romon kamfani da ake sayarwa a leda.

"Tun yaushe ka fara surki, Miyake?"

Murmushin mutumin bai gushe ba, muryarsa ce ta yi ƙasa. "Na gwaji ne. Ban taɓa zubawa a tukunya ba."

"Kwali huɗu, biyu a buɗe."

"Sufeto, kisan kai kake bincike ko girki?"

A waje Tanabe ta ce, "Yana da dalili. In Malam ya gano surkin, ya gama da shi."

"Da ya ji tsoron a gano, da ya ɓoye kwalayen yau, tunda ya san Malam na tafe," in ji Akagi. "Abin da ke damuna ke nan. Mutumin nan ba ya jin tsoron Malam ko kaɗan."

Shagon Osaki ƙarami ne, kujera tara, rediyo na ta surutu. Osaki gajere ne mai ƙaton wuya, wanda ba ya iya magana sai da ƙarfi. Na biyar yake a jerin, kuma ya ɗauki hakan zagi. Romonsa na gargajiya ne, ba ado, naman tsohuwar kazar sai an tauna an sake taunawa. Akagi ya ci rabin kwano da gaske.

"Ni da Malam? Ko sa-in-sa ba mu taɓa yi ba, Yallaɓai."

"Ƙarya yake!" Muryar matarsa ce daga kicin. "Bara da ludayi ya jefe shi, ya sami agogon bango."

"Ke, wa ya sa bakinki? Agogon na nufa!"

"To yau fa?" in ji Akagi.

"Yau ko kallonsa ban yi ba. Tara da kwata ya fita, ni kuma ban ɗaga daga nan ba. Tambayi waɗannan malalatan, tun safe suke ɗumama mini kujeru."

Tsofaffi uku da ke kan kanta suka gyaɗa kai ba tare da sun ɗago daga kwanukansu ba.

Osaki ya goge hannu, ya matso. "In kana neman wanda Malam ya cuta, ba ni ba ne. Shigeru ne, mijin Fusae, mai shagon Kataoka. Tare muka koyi aiki. Romon gishirinsa, ka san shi ai, fari tas, kana ganin zanen gindin kwano. Sai Malam ya rubuta wai gishiri ya ɗan yi yawa. Shigeru ya rage. Shekara ta zagayo, wai ya ɗan yi yawa. Ya sake ragewa. Kai, har ta kai mutane na zuwa da gishirinsu a aljihu, suna barbaɗawa in ya juya baya. Daga baya suka daina wahalar da kansu, suka koma wurin Miyake."

"Ba ka gaya masa ba?"

Osaki ya kalli rediyo. "Mai sana'a ba ya gyara wa mai sana'a tukunya. A watan Fabrairu ya faɗi a gaban murhu, ludayi a hannu. Ko asibiti bai kai ba."

Akagi ya tuna ranar. Ya halarci jana'izar. Shi kansa tun yana kurtu yake cin taliya a Kataoka, sai dai a 'yan shekarun nan zuwan nasa ya ja baya, kuma bai taɓa zama ya tambayi kansa dalili ba.

Ƙarfe ɗaya saura suka ɗaga labulen ƙofar Kataoka. Lokacin da ya kamata a ce ba masaka tsinke, mutum ɗaya ne a ciki, shi ma jarida yake karantawa. Fusae na tsaye bayan kanta, 'yar siririyar mace mai shekara sittin da 'yan kai, ta ɗaure furfurarta da farin ƙyalle.

"Akagi. Ka tuna hanya ke nan."

"Inna, aiki ne ya yi yawa."

"Haka kowa ke cewa. Zauna."

"Kin ji abin da ya sami Malam?"

"Na ji."

"Ya zo nan?"

"Tara da rabi. Goma saura ya fita."

"Da littafinsa?"

"A wuyansa, kamar kullum."

"Ke fa, kin fita?"

"Ina zan je? Ni kaɗai ce. Wa zai tsaya mini a kan tukunya?"

Ta ajiye masa kwano. Akagi ya ɗauki cokali, sai ya tsaya. A gindin kwanukan Kataoka akwai zanen shuɗin kifi, kuma shekara ashirin da biyar yana ganin kifin nan ta cikin romo. Yau bai gan shi ba. Romon ya yi gurɓi-gurɓi kamar ruwan wankin shinkafa.

Ya sha duk da haka, ya biya, ya yi godiya.

"Me ka gani, Yallaɓai?" in ji Tanabe da suka kai mota.

"Farin romo ba a barin sa ya tafasa. Wuta kaɗan-kaɗan, mutum na tsaye yana kwashe kumfa. Ya tafasa na minti goma, ya gurɓace, ba ya komawa. Ko almajirin wata ɗaya ya san wannan, balle matar Shigeru."

"Wato ta bar tukunyar."

"Ruwa ba ya tsami banza. Amma gurɓataccen romo ba shaida ba ne a gaban alƙali."

A ofis rahoton likita na jiransu: faɗuwa daga sama, da ƙurjewa a wuya. Tanabe ta karɓo takardun ƙungiya na shekara goma, ta shimfiɗa su a kan tebur, ta yi ta binsu da yatsa kusan awa guda.

"Yallaɓai, zo ka gani. A shekarun farko jerin na motsi, wannan ya hau, wancan ya sauka. Daga shekara shida da suka wuce, ko shago ɗaya bai canza wuri ba."

"Kataoka ai ya sauka ƙarshe."

"Bai sauka ba. Na tara yake cikin goma sha ɗaya. Biyun da ke ƙasansa aka cire su ɗaya bayan ɗaya, na farkon dama shekara ɗaya ta rage masa, shi ya rage a gindi. Kuma karanta bayanin. Kalmomin ya ɗan jujjuya, maganar ɗaya ce. Sau shida gishiri ya ɗan yi yawa."

Akagi ya ɗauki hularsa.

Matar Malam Nishina ta karɓe su a falo cikin baƙaƙen kaya, ta zuba musu shayi. Akagi ya tambaye ta lafiyar Malam kafin rasuwarsa.

"Lafiyarsa ƙalau. Ko mura ba ya yi."

"Bai taɓa kwanciya asibiti ba?"

"A'a."

"Uwargida, zan iya rubuta wa asibitoci, amma zai ɗauki mako guda, kuma magana za ta fita. Me ya same shi shekara shida da suka wuce?"

Ta ajiye kofin shayinta.

"Ciwon maƙogwaro. Muka ce wa mutane mun tafi wurin 'yarmu a Kobe. Sun gasa wurin da na'ura, ciwon ya tafi, ɗanɗano ya bi shi. Likita ya ce wataƙila ya dawo. Bai dawo ba. Zuma da toka duk ɗaya ne a bakinsa."

"Me ya hana shi ajiye aikin?"

"Ya ajiye ya zama wa? Tsohon malamin lissafi da ba mai gaishe shi? Duk shekara sai ya ce wannan ce ta ƙarshe."

"Wa ya sani bayan ke?"

"Miyake. A asibitin suka haɗu, ya kai mahaifiyarsa. Ya yi alkawarin ba zai faɗa ba." Ta yi wani guntun murmushi mai ɗaci. "Ya kuwa cika alkawari."

Abin haushin shi ne babu dokar da Miyake ya taka. Akagi ya juya maganar ta kowace fuska a hanyar komawa, bai sami inda zai kama shi ba.

Washegari ƙarfe bakwai da rabi, kafin a buɗe shaguna, suka koma Kataoka. Labulen ƙofar na ciki, ba a rataya ba, alamar shagon bai buɗe ba. Fusae na gaban tukunya tana kwashe kumfa, romon yau fari tas.

"Inna, jiya kin ce ba ki fita ba."

"Haka na ce."

"Romonki ya tafasa."

Ta ci gaba da kwashe kumfar. "Ashe har yanzu kana da ido."

"Daga nan zuwa matakalar gidan bauta minti shida ne. Ta nan Malam ke bi zuwa gida. Ina littafin?"

Ta ajiye ludayin. Ta buɗe durowar da ake ajiye tsinkayen cin abinci, ta ciro ƙaramin littafi mai baƙin bango, guntun igiya na reto a jikinsa. Ta tura masa a kan kanta.

"Buɗe shafin ƙarshe."

Rubutun Malam ne, mai kyau kamar na allo. Kataoka. Romo fari, taliya daidai. Gishiri ya ɗan yi yawa.

"Ka san yadda ake haɗa kwano," in ji Fusae. "Romon tukunya ba gishiri a cikinsa. Sai ka fara zuba ƙaramin ludayi na ruwan gishiri a gindin kwano, sannan romo ya biyo. Shekara talatin da takwas Shigeru ne ke zuba wannan, ni taliya ce tawa. Jiya ne karon farko da na tsaya gaban Malam ni kaɗai. Na auna ruwan gishirin sau uku, na rage, na sake ragewa. Na kai masa. Ya sha ukunsa, ya rubuta a gabana, ina karantawa a juye. Ya biya ya fita."

Ta nuna gefen murhu da haɓa.

"Na juyo, sai ga ludayin can a ajiye, cike. Ban zuba ba. Na ɗauki cokali na ɗanɗana abin da ya bari. Lami, Akagi. Ko ƙwayar gishiri babu."

Tanabe ta daina rubutu.

"Sai kika bi shi," in ji Akagi.

"Ko wuta ban rage ba. Na cim masa a saman matakala. Na ce, Malam, ba gishiri a kwanon nan. Na zaci zai musa. Bai musa ba. Ya tsaya yana kallon takalmansa, ya ce tun shekara shida. Na ce mijina ya yi shekara shida yana tashi da asuba yana auna gishiri a ma'aunin mai magani saboda kai. Ya kori mutanensa da hannunsa saboda kai. Ya mutu yana ganin shi ne bai iya ba."

"Me ya ce?"

"Da haƙuri ya ba ni, da na dawo kan tukunyata." Muryarta ta bushe. "Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da yake wa ɗalibi, ya ce, 'Mijinki ai yana da harshe. Wa ya hana shi yarda da nasa?'"

Mai jaridar jiya ya leƙo ta gilashi, ya ga ba labule, ya wuce.

"Na kama littafin na ce sai na kai wa ƙungiya. Ya riƙe. Na ja, ya ja. Igiyar ta tsinke, ya yi baya-baya, ya tsaya a bakin matakala yana neman abin kamawa. Ya miƙo mini hannu." Ta dubi tafin hannunta. "Kada ki rubuta hatsari, 'yata. Ban kama shi ba. Tura shi na yi."

Akagi ya gaya mata abin da doka ta ce a gaya mata. Ta saurara har ƙarshe, ta kashe wuta, ta rufe tukunyar, ta kwance ƙyallen kanta ta ninke. Tanabe ta taɓa ankwar da ke ƙugunta, Akagi ya girgiza kai.

A bakin ƙofa Fusae ta tsaya.

"Ni ma ina da tambaya, Sufeto. Yaushe ka fara jin gishirin ya yi kaɗan?"

Ya so ya ce bai lura ba. Aikinsa ne kama masu ƙarya, ya san yadda take fita a fuska.

"Shekara huɗu. Ko biyar."

"Kana tashi kuma me kake ce wa Shigeru?"

Akagi ya mai da dubansa kan littafin Malam.

"Ni zan tuna maka. 'Maigida, ya yi daɗi, na gode.' Ka rusuna, ka fita. Kai da Osaki da duk garin nan. Shi Malam harshensa ne ya mutu, yana da abin faɗa. Ku naku lafiya lau." Ta gyara wuyan rigarta. "Ni ma ina ji. A gefensa nake tsaye, kullum ina ɗanɗanawa. Na ce wa kaina Malam ya fi ni sani."

Tanabe ta buɗe mata ƙofar mota. Fusae ta miƙa wa Akagi makullin shagon.

"Romon yau ya yi kyau, kada a zubar. Ka kai wa Osaki. Ka ce masa ya sa gishiri yadda bakinsa ya gaya masa."

Ta shiga, Tanabe ta rufe ƙofar.